'Yata mai shekara 16 tana da ƙullutu a nono, a cire ko a bari?

"Assalamu alaikum Likita, ranki ya daɗe. Dan Allah shawara nake nema akan 'yata, shekararta 16. Wajen wata 7 kenan da ta nuna min wani ƙullutu a nononta na hagu, baya mata ciwo, in aka taɓa shi sai ya dinga zillewa. Mun je asibiti anyi sikanin aka ce santimita 2.4 ne, wai ba komai mu dawo bayan wata 6. Yanzu mun koma ance ya kai 3.7. Likita ɗaya yace a cire, wani kuma da muka nuna masa takardar yace a ƙyale shi tunda yarinya ce. Ni dai hankalina a tashe yake domin yayata kansar mama ce ajalinta tana da shekara 54. Sannan ina tsoron kar aikin ya lalata mata nono ko ya hanata shayarwa nan gaba. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan yayarki ya kai haske kabarinta, ita kuma yarinya Allah ya bata lafiya. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma in na fahimce ki abu uku ne suka haɗu suka hanaki barci, na farko ko wannan abun kansa ce, na biyu wanne daga cikin likitocin nan biyu zaki bi, na uku in an yi aikin me zai faru da nonon yarinyar da bata ma gama girma ba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma tun daga farko bari in faɗa miki ni ban ga 'yarki ba, ban sa hannu na taɓa ƙullutun ba, ban kuma ga hoton sikanin ɗin da idona ba, dan haka hukuncin ƙarshe yana hannun likitan tiyatan da zai dubata. Abinda zan iya shine in nuna miki yadda muke tunani in aka kawo mana irin wannan, yadda in kin koma zaki san me zaki tambaya. Sannan ki yaba wa yarinyar nan fa, ba kowace budurwa ce zata iya buɗe baki ta nuna wa mahaifiyarta irin wannan ba, da yawa kunya da tsoro ke sa su ɓoye har sai abu ya yi nisa.

Nonon yarinya ba irin na babbar mace bane

Wannan shine abu na farko da ya kamata ki riƙe, domin duk maganar da zanyi akansa ta tsaya. Yarinya takan fara ƙirgar dangi tsakanin shekara 8 zuwa 13, kuma abinda ke fara fitowa wani ɗan tauri ne daidai ƙarƙashin kan nono, sau da yawa ɓangare ɗaya yake fara fitowa ya bar ɗayan sai bayan watanni, kuma yakan yi ɗan zafi in an taɓa. Wannan ɗan taurin shine tushen nonon gaba ɗaya, daga shi komai zai tsiro. Daga nan nono yana bin matakai 5 har ya cika, waɗanda wani likitan yara ɗan Ingila James Tanner ya tsara, kuma har yau dasu muke auna inda yarinya ta kai. Sinadarin isturojin da ƙwan mace ke fitarwa shi ke tura wannan girman, shi yasa a shekarun nan nono yake cike da tsoka mai kauri, kitsensa kaɗan ne, ba kamar na mace mai shekara 50 ba.

Na tsaya akan wannan ne saboda wani abu da na gani da idona wanda har yanzu in na tuna raina yake ɓaci. An taɓa kawo min wata yarinya 'yar shekara 15, nononta na dama ya fito daidai, na hagu kuma ƙirji ne kawai a shafe da ɗan tabo a ƙasan kan nonon. Da na bi diddigi ashe tana shekara 9 aka ga ɗan tauri a wajen, iyaye suka tsorata, aka kaita wani wuri aka yanke shi wai ƙari ne. Tushen nonon aka cire mata, kuma in an cire shi baya sake tsirowa. Dan haka duk ƙullutun da ke ƙarƙashin kan nonon yarinyar da ke shirin balaga ba a kai masa wuƙa, ba a ma soka masa allura sai da ƙwaƙƙwaran dalili. 'Yarki ta wuce wannan matakin tunda ta kai 16, amma har yanzu ƙa'idar tana nan, nono ne mai sauran girma kuma mai aiki a gaba, dole a yi masa a hankali.

Toh mene ne wannan ƙullutun?

Yadda kika siffanta shi, baya ciwo, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, a nonon 'yar shekara 16, mafi kusa shine abinda muke kira faiburo-adinoma. Shine ƙullutun da aka fi samu a nonon 'yan mata, da tazara mai yawa ma. Ba kansa bane. Wani ɗan yanki ne na nonon da ya ji isturojin fiye da sauran sai ya yi girman da ya wuce ƙa'ida, ƙwayoyin da ke haɗa ruwan nono da zaren tsokar da ke riƙe su suka dunƙule wuri ɗaya, yana da santsi, gefensa a fili yake, in ka matsa shi kamar roba, kuma saboda wannan zillewar da yake yi ne likitoci suka yi masa laƙabi da ɓeran nono. Yawanci girmansa santimita 1 zuwa 3 ne sai ya tsaya, wani ma da kansa yake motsewa ya ɓace cikin shekaru, wani yakan ɗan kumbura gab da al'ada ko lokacin ciki. Wata yarinyar zaki samu tana da biyu ko uku, ko a nono biyun duka. Ba wani abu da ta ci ko ta sha ko rigar nonon da ta sa ne ya jawo shi ba, kuma ba laifinki bane ba nata ba, ina faɗin haka ne domin iyaye mata da yawa suna zuwa min suna zargin kansu.

Akwai irinsa da ke fitowa a ƙuruciya mai saurin girma, in ya wuce santimita 5 ko nauyinsa ya haura giram 500 shine muke ce masa ƙato. Shima ba kansa bane, amma ɓarnarsa ta wani waje ce, yana danne lafiyayyen nonon ya maida shi gefe, fata ta miƙe har jijiyoyin jini su fito raɗau, kan nonon ya baje, nono ɗaya ya ninka ɗaya. Na taɓa cire wanda ya fi dunƙulen hannun babban mutum a jikin wata 'yar shekara 14 da ta shafe kusan shekara tana sa manyan kaya tana duƙar da kafaɗa dan kar a gane, mahaifiyarta tana ta mata faɗa wai bata tsayuwa daidai.

Wanda yake sa mu kasa sakin jiki shine wani ɗan'uwansa da ake kira filodis. Sunan daga kalmar ganye ta Girkanci aka ɗauko shi saboda yadda cikinsa yake kamar ganye a ninke in an duba, wani masani Bajamushe Johannes Müller ne ya siffanta shi a 1838. Ba a cika samunsa ba, bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin nono ba, kuma ya fi kama mata 'yan shekara 40 da wani abu, amma ana ganinsa jefi-jefi a 'yan mata. Kala uku ne, akwai mara illa wanda shine mafi yawa, akwai na tsaka-tsaki, akwai kuma mugu. Matsalarsa ita ce a hannu da kuma a sikanin kamarsu ɗaya da faiburo-adinoma, abinda ke tona masa asiri sau da yawa shine saurin girma, kuma cirarsa daban ce domin in aka bar ɓurɓushinsa yana dawowa. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sauran abubuwan da kan zo a matsayin ƙullutu a wannan shekarun, akwai 'yar jakar ruwa musamman a bayan baƙin da ke kewaye da kan nono, wadda galibi da kanta take tafiya, akwai maruru wanda shi da zafi da ja da zazzaɓi yake zuwa kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da zuƙe mugunya da allura yake so, akwai kitsen da ya daskare bayan buguwa. Babu wanda ya yi kama da abinda kika faɗa.

Kansa kuwa a nonon yarinyar da bata kai 20 ba abu ne mai wuyar samu ƙwarai da gaske, likitan tiyata zai iya shekaru yana aiki bai ci karo da ita ba. In ma an samu mugun ƙari a nonon yarinya sau da yawa daga wani wuri a jiki ya taso ya sauka nan, kamar kansar kaluluwa ko ta tsoka, kuma yarinyar zata kasance da wasu alamun, rama, zazzaɓi, zufar dare. Wacce muke sa wa ido sosai ita ce wacce aka taɓa gasa wa ƙirji da haske tana ƙarama saboda wata kansar. Alamomin da ke sa in daina jira nan take sune ƙullutu mai tauri kamar dutse wanda ya manne baya motsi, fata ta lotsa ko ta yi gyambo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini na fita ta kan nono, ko kaluluwa mai tauri a hammata. Baki ambaci ko ɗaya ba.

Maganar yayarki

Na san nan ne zuciyarki ta fi tsayawa, duk wanda ya yi jinyar mai kansar mama har ya binne ta in ya ji kalmar ƙullutu dole gabansa ya faɗi. Amma gwaggo ko inna ɗaya da ta kamu bayan shekara 50 bata canza lissafin ƙullutun 'yar shekara 16. Gadon da muke tsoro shine in mata da yawa a jini ɗaya suka kamu, ko suka kamu da ƙuruciya kafin 40 ko 45, ko mace ɗaya nono biyu, ko akwai kansar ƙwan mace a dangin, ko namiji ya yi kansar nono, nan ne ake tunanin ƙwayoyin gado irin su BRCA1 da BRCA2 da aka gano a 1994 da 1995, kuma ko masu ɗauke dasu ba a shekara 16 cutar ta saba bayyana ba. Ki faɗa wa likitan labarin yayarki dalla-dalla, ki kuma bincika ɓangaren mahaifin yarinyar domin gadon ta nan ma yana biyowa mutane suna mantawa. Gaskiya ma in akwai wacce rasuwar yayarki ta shafa kai tsaye ke ce Hajiya, ke ya kamata ki je a duba ki, in kin kai 40 ki yi maganar mamogiram, wato hoton nono da ake ɗauka da hasken eksire, da likitanki. Shi faiburo-adinoma na yau da kullum rikiɗewarsa ya zama kansa abu ne mai matuƙar wuya.

Gwajin da ya dace da wanda bai dace ba

Ƙafa uku muke tsayawa akai, duba da hannu, hoto, sai ɗiban ɗan nama in da buƙata. Duba da hannu ya fi kyau a yi shi kamar mako ɗaya bayan gama al'ada lokacin nono ya saki, a duba nono biyun da hammata, da wata mace a ɗakin, kuma a yi wa yarinyar bayani kafin a taɓa ta, domin da yawansu wannan ne karo na farko da wani zai ga jikinsu.

Hoto kuwa sikanin shine daidai, kuma an yi muku daidai. In wani yace a yi mata mamogiram ki tambaye shi dalili, domin nonon budurwa kaurinsa ya yi yawa, hoton fari fat yake fitowa ƙullutun ya ɓuya a ciki, ga kuma haska mata hasken da bata buƙata. A sikanin abinda muke so mu gani shine abu mai siffar ƙwai a kwance, faɗinsa ya fi tsayinsa, gefensa a shate sumul, cikinsa iri ɗaya. Ki duba ƙasan takardar zaki iya ganin an rubuta BI-RADS da lamba, in 2 ce ba komai, in 3 ce ma'ana kusan tabbas ba komai, yiwuwar mugun abu bata wuce kashi 2 cikin 100 ba shi yasa ake cewa a dawo bayan wata 6, in 4 ce ko sama dole a ɗebi nama. Kinga kenan likitan farko da yace ku dawo bayan wata 6 bai yi sakaci ba, ƙa'ida ya bi, a Ingila ma in mace bata kai 25 ba kuma hoton ya nuna duk waɗannan siffofin ba lallai a soke ta ba.

Ɗiban naman iri biyu ne. Akwai na siririyar allura da ke zuƙo ƙwayoyi kawai, akwai na allura mai kauri da ke gutsuro ɗan silin nama bayan an kashe wurin, ana kallo da sikanin ana yi. Ni na biyun nake so domin shi ke nuna yadda ginin naman yake, na farkon da kyar yake raba faiburo-adinoma da filodis. Amma bazan ɓoye miki ba, ko na biyun ma wani lokacin amsar da ke dawowa ita ce ɗaya daga cikin biyun ne ba a tantance ba, domin ɗan sili ne aka ɗauka daga abu mai santimita kusan 4, sai an ciro shi gaba ɗaya an yayyanka an duba a madubin likita ake samun magana ta ƙarshe.

A cire ko a bari

Likitocin nan biyu kowa yana da hujja. Wanda yace a bari yana kallon shekarunta ne, ya san kusan duk irin wannan ba komai bane, ya san tabo baya gogewa, ya san wata yarinyar in ka cire yau wani zai fito baɗi, ba zaka yi ta yanka ta ba. Kuma da ace ƙullutun yana nan a 2.4 bai motsa ba, wallahi nima abinda zan ce kenan, a bar shi a dinga aunawa duk wata 6 har shekara 2, in ya tsaya shikenan. 'Yan mata da yawa na sallama a haka ba tare da na taɓa su da wuƙa ba kuma ina farin ciki da hakan.

Amma na 'yarki bai tsaya ba. Daga 2.4 zuwa 3.7 a wata 6 ya ƙaru da fiye da rabin girmansa, alhali mu in ƙaruwar ta wuce kashi 20 cikin 100 a wata 6 muke ɗaga kai. Eh awo yakan ɗan bambanta in mutum biyu daban suka yi sikanin ko na'ura daban, amma bambancin milimita 2 ko 3 ne, ba santimita ɗaya da wani abu ba. Dalilan da ke sa mu cire sune girman da ya haura santimita 3 zuwa 5, saurin girma, ciwon da ya dame ta, ya fara canza siffar nono, sakamakon gwaji mai shakku, ko yarinyar ta kasa samun natsuwa duk da bayani. 'Yarki ta cika biyu a ciki. Dan haka in da a gabana take, kuma hannuna ya tabbatar da abinda takarda ta faɗa, zan karkata ga cirewa, in da hali a fara ɗiban nama da allura mai kauri domin in san irin yankan da zan shirya. Ba dan ina zargin kansa ba, sai dan abu biyu, kar filodis ne muna zaune muna kallo, sannan cire abu mai santimita 3.7 ta ƙaramar kafa ya fi sauƙi da kyan gani akan jira ya kai 7 ko 8. Ba kuma aikin gaggawa bane da za a ce gobe-gobe, in tana da jarrabawa ta gama, makonni kaɗan basa canza komai, watanni da yawa ne bana so.

Abu ɗaya da nake roƙonki, a bar matsa shi da murza shi da shafe-shafe, babu maganin sha ko na shafawa da ke narkar da shi, sai dai a ƙona mata fata a ƙara mana aiki. Sannan a tambayi ita yarinyar ra'ayinta. Shekara 16 ba jaririya bace, jikinta ne, ita zata zauna da tabon, na sha ganin uwa da likita suna ta magana a kanta ita tana zaune kai a ƙasa hawaye na zuba ba wanda ya ce mata ke me kike so.

Yadda aikin yake

Yawanci aikin yini ɗaya ne, a shiga da safe a koma gida da yamma, kuma minti 30 zuwa awa ɗaya ya ishe shi. Ƙarami na kusa da fata ana iya kashe wurin kawai, amma mai girman na 'yarki a yarinya mai tsoro ni na fi son a sa ta barci gaba ɗaya, zata daina cin abinci awa 6 kafin nan. Kafin ta kwanta nakan sa ta zauna in zana wurin da alƙalami tana gani, domin in ta kwanta ɓeran nan guduwa yake.

Inda za a tsaga shine rabin aikin. In ƙullutun yana kusa da tsakiya ana bin gefen baƙin da ke kewaye da kan nono, inda launin fata ya canza, tabon sai ya ɓuya a layin, kuma ba a zagaye fiye da rabin da'irar dan kar a yanke wa kan nonon jini. In babba ne ko yana ƙasa ana bi ta lanƙwasar ƙarƙashin nono inda ba mai gani, in yana can gefe ana iya bi ta wajen hammata. Wurin da nake gudu iya ƙoƙarina shine saman nono ta wajen tsakiyar ƙirji, nan ne tabo ya fi yin tudu ya yi ta girma yana ƙaiƙayi, kuma masu baƙar fata mun fi kowa saurin yin irin wannan tabon, dan haka in 'yarki tana da shi a kunne ko kafaɗa ko akwai masu shi a gida ki faɗa tun kafin a shiga.

In an shiga ba a yanka nonon ta tsakiya, ana bi ta ƙarƙashin fata har a isa saitin ƙullutun sannan a raba naman a tsaye ta yadda hanyoyin ruwan nono suka kwanta, domin su kamar wayoyin ƙafar keke suke, guda 15 zuwa 20 duk sun nufi kan nono, in ka bi tsawonsu ka tsira dasu in ka gitta ka datse su. Shi faiburo-adinoma yana da 'yar riga tasa, sai a ɓare shi a fito dashi ɗungurungum ba tare da an ɗebi lafiyayyen nama ba. A tsayar da jini sosai, a ɗinke da zaren da ke narkewa a ƙarƙashin fata. In kuma filodis ne ba a ɓare shi haka, ana haɗawa da lafiyayyen nama a kewaye, a al'adar aikin kamar santimita 1 musamman na tsaka-tsaki da mugun, shi yasa nace sanin sunansa kafin aiki yana da amfani. Ko ƙaton ma ba a cire nono saboda shi, kuma bana gaggawar cike gurbin da ya bari, naman da ya danne yakan dawo ya buɗe da kansa cikin watanni, sai an ba shi wata 6 zuwa shekara kafin a yi maganar gyara. Akwai wasu hanyoyin na zamani, zuƙe shi da na'ura ta ƙaramar huda ko daskarar dashi da sanyi, amma na ƙanana ne da aka riga aka tabbatar da sunansu, ga mai saurin girma irin wannan na fi son in ciro shi cikakke a duba.

Duk abinda aka ciro, komai kyan da ya yi a ido, dole a sa shi a kwalba a kai lab. Kar ki yarda a nuna miki shi a ce kin gani ba komai a jefar. Ki tambaya tun kafin aiki ina za a kai shi kuma yaushe sakamako zai fito, yawanci mako 1 zuwa 2 ne.

Bayan aiki, da maganar shayarwa

Zafin ba mai yawa bane, farasitamol da ibufurofen sun isa, ta sa rigar nono mai riƙewa sosai dare da rana na mako biyu, kar wurin ya jiƙe kwana biyun farko, makaranta bayan 'yan kwanaki, guje-guje da ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan mako 2 zuwa 4. Abinda zai sa ku koma da sauri shine nonon ya kumbura ya yi tauri farat ɗaya a daren farko wanda ke nuna jini ya taru, ko ja da zafi da zazzaɓi da mugunya bayan kwanaki. Ɗan ruwa yakan taru a gurbin ya tafi da kansa, kuma zata iya jin tauri a wurin har wata 2 ko 3, tabon ciki ne ba ƙullutun ne ya dawo ba, gara ki gaya mata tun yanzu kar ta firgita. Kan nonon yakan ɗan yi sanyin ji in ta gefensa aka bi, galibi yana dawowa. In tabon ya fara tudu akwai man silikon da allurar da ake yi a cikin tabon, da wuri suka fi aiki.

Shayarwa kuwa in sha Allahu zata shayar. Ƙullutun ba nonon bane, baƙo ne a cikinsa, in aka ɓare shi yadda na faɗa sauran ƙwayoyin da hanyoyinsu suna nan, ko an taɓa hanya ɗaya ko biyu saura sun isa, ga kuma ɗaya nonon. Na ga waɗanda na yi wa aikin suna 'yan mata sun dawo min da goyo suna shayarwa ta nonon da aka yi wa aikin. Haɗarin yana ƙaruwa ne in aka yi ta yanka ƙarƙashin kan nono sau da yawa ko aka yi aikin da garaje, shi yasa zan ce ki nemi likitan tiyata da ya saba aikin nono, ki tambaye shi kai tsaye ta ina zai tsaga kuma me yasa, wanda ya san aikinsa bazai ji haushin tambayar ba.

Wani sabon ƙullutun yana iya fitowa nan gaba a wani gefen ko a ɗaya nonon, ba wai aikin bai yi ba, jikinta ne mai yin su, kuma ba kowanne za a cire ba. Ta saba da yadda nononta yake ta dinga dubawa bayan al'ada, ku koma ganin likita bayan sakamako ya fito, in filodis ne za a dinga bibiyarta da sikanin na wasu shekaru. Takardar lab ɗin da na sikanin biyun nan ki haɗa su wuri ɗaya ki ɗauke su a waya ma, duk likitan da zai ganta ko bayan shekara 10 su zai fara tambaya.